Saƙon Ƙarfe Goma

Ranar wata Talata ina tsaye a bakin injin yankan makulli, da makullin wata mata a matse a cikinsa, wayata ta yi ƙara a aljihu. Ko agogo ban duba ba, na san ƙarfe goma ta yi. Shekara uku ke nan kullum a daidai wannan lokaci take yin wannan ƙarar. Na goge hannuna a jikin riga na ciro ta, ina sa ran ganin kalmomi ukun da idona ya saba da su: "A buɗe yake." Sai na ga huɗu: "Ba a buɗe ba."

Da kashe injin na yi a lokacin na kama hanya, da yau ina da abin da zan faɗa wa zuciyata. Ban yi haka ba. Na kira lambar abokina da saƙon ya fito daga wurinsa sau ɗaya, ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba, na ce ai halinsa ne, wayarsa kullum tana binne a ƙarƙashin tarkace. Na mayar da tawa aljihu na ƙarasa makullin matar. Bayanta akwai wani mai kwado da ya cije, bayansa kuma wani direba da makullin motarsa ya karye a ƙofa. Sai da rana ta take na rufe rumfa. Waɗannan awa biyu su ne suka sa na zauna rubuta wannan, ni da rubutuna bai wuce na suna da lamba a jikin makulli ba.

Na-Sama nake ce masa, shi kuma yana ce mini Na-Ƙasa. Dalili kuwa a fili yake. Shekara goma sha biyu rumfata tana gindin matakalar wani tsohon bene, shi kuma yana haya a ɗaki biyu a saman benen, ɗaya na kwana, ɗaya na aiki. Gyaran kwamfuta yake yi. Satin da ya tare ya fito shanya tawul, iska ta rufe masa ƙofa. Ya sauko da silifa ƙafa ɗaya, tabarau a goshi, ya tambaye ni ko zan iya taimaka masa. Na hau da ’yar wayar ƙarfe lanƙwasasshiya, kafin ya gama ba ni labarin yadda abin ya faru ƙofar ta buɗe. Na ɗauka zai yi godiya. Sai ya tsaya yana kallon makullin ƙofar kamar wanda ɗansa ya ba shi kunya a gaban baƙi. Ya ce ashe duk makullan da nake sayar wa mutane wasan yara ne. Na ce to ya nuna mini na manya. Ya ce in shigo.

Ɗakin aikinsa ƙarami ne, taga ɗaya. Tebur dogo a jikin bango, kwamfutocin mutane a jere kowacce da ɗan farin tef a goshi an rubuta abin da ke damunta. Ƙananan kusoshi a cikin kwalaben magani da ya shanye. Batura biyu manya a ƙarƙashin tebur. A lungu kuma wata na’ura baƙa mara kyan gani, wadda ba ya kashewa dare da rana. Ya nuna mini wani faifai a jikinta, bai fi tafin hannuna ba, ya ce ga makullin manya nan, in ina da waya lanƙwasasshiya in gwada.

A cikin faifan nan yake ajiye wa wasu ƙananan ofisoshi kwafin takardunsu: wani ɗakin gwajin jini, ofishin wata lauya, da wani wurin buga littattafai. Kullum da hantsi takardun suke shigowa da kansu ta intanet. Ya ce duk abin da ke cikin faifan a hargitse yake, ko ɓarawo ya sace ba abin da zai karanta. Sai shi ya zauna da safe a gaban wani baƙin allo mara hoto, ya buga wata doguwar kalmar sirri, sannan faifan ya buɗe. Da yamma ƙarfe shida kuma faifan ya kulle kansa. Na ce masa makullin da ba a iya ratayawa a ƙugu ai ba makulli ba ne. Ya ce wanda ake buɗewa da wayar shanya fa? Daga wannan musu abota ta kama, kuma har ya bar duniya ba mu gama shi ba.

Ba mai yawan magana a kan kansa ba ne, a gutsure na tattara labarinsa. Mahaifinsa mai gyaran rediyo ne, a gefen teburinsa ya koyi riƙe ƙarfen walda. Ya yi aiki shekaru a wani kamfani har kamfanin ya rufe. Matarsa ta rasu kafin ya dawo benen nan, kuma ita ce dalilin dawowar, don ya ce tsohon gidan ya yi masa girma. ’Ya ɗaya gare su, yana kiranta Uwata. Ta yi aure a wani gari mai nisa, tafiyar kwana biyu a mota, tana kiransa duk ƙarshen mako. In ta kira sai ya gyara murya ya ce lafiyarsa ƙalau, yana cin abinci, yana shan maganin hawan jini a kan lokaci. Biyu daga cikin ukun nan ƙarya ne, ni shaida ne.

Kullum ƙarfe huɗu sai ya sauko da butar shayi da kofi biyu, mu zauna a bencina. Wani lokaci mu yi ta gardama, wani lokaci har shayin ya ƙare ba wanda ya ce uffan. In bai sauko ba sai in buga ƙarfen matakala da guduma sau uku, ya leƙo ta taga ya ce in bar lalata wa mutane gini. Uwar ’ya’yana takan ce da mace ce Na-Sama da tuni ta kai ƙarata.

Sai aka zo faɗaɗa titi. Aka tashi duk rumfunan layin, aka ba mu wuri a bakin sabuwar kasuwa, can ɗaya gefen gari, mota biyu ake hawa. Ranar da nake kwashe kaya ya taya ni ɗaure injin har aka gama lodi. Sannan ya ce, yana kallon matakala, yanzu in wani abu ya same shi a sama, wari ne zai sanar da mutane. Na yi masa faɗa a kan irin wannan magana. Amma na san gaskiya ya faɗa. Tsohuwa mai gidan, wadda muke ce wa Kaka, gwiwa ta hana ta hawa bene. Masu kawo gyara kuwa in sun ƙwanƙwasa ba a amsa ba sai su juya. Abin da yake tsoro ke nan. Mutuwar kanta ba ta dame shi ba, ya sha faɗa. Abin da ba ya so shi ne ya kwana biyu, uku, a bayan rufaffiyar ƙofa ba wanda ya sani.

Kafin in tafi na sake masa makullin ƙofa da mai kyau, na yanka biyu, na riƙe ɗaya na ɗaura masa jan zare. Na kuma gargaɗe shi: irin wannan makulli, in ka kulle ta ciki ka bar ɗan makullin a jiki, na waje ba zai shiga ba. In ya kulle ya riƙa zarewa. Ya ce ya ji, malam.

Bayan sati ɗaya saƙo na farko ya shigo wayata. Na kira shi na ce wane ne a buɗe? Ya yi dariya ya ce Maigadi ne ke gaishe ni. Maigadi wasu ’yan layukan umarni ne da ya rubuta wa baƙar na’urar tun tuni. Aikinsu su duba ko faifan a buɗe yake kafin takardun mutane su fara shigowa. Sai ya ƙara musu layi ɗaya: in ƙarfe goma ta yi, su aiko mini da abin da suka gani. Tunda ba mai buɗe faifan sai shi, in na ga “A buɗe yake”, ya tashi lafiya ke nan har ya zauna a kujerarsa. In na ga akasin haka, in zo.

Na ji daɗin dabarar, kuma a nan na fara kuskure. Da farko ina zuwa duk bayan kwana biyu. Sai ya koma sati. Sai ya zama in wayar ta yi ƙara na ga kalmomi ukun nan, sai in ji kamar mun gaisa. Zumunta a ƙafa take, ni kuwa na mayar da tawa aljihu.

A shekarar farko zazzaɓi ya kwantar da shi kwana uku. Bai iya ko tashi ya kai teburin ba, wayarsa kuma ta mutu a ɗakin aiki. Duk kwana ukun nan, ƙarfe goma daidai, Maigadi yana gaya mini a buɗe yake. Ina karantawa ina ci gaba da yankan makulli. A rana ta huɗu ya rarrafa ya sa wayar a caji ya kira ni. Da na zo na tarar da shi ya rame, leɓe duk ya bushe, amma yana zaune a gaban baƙin allo da bargo a kafaɗa yana neman inda Maigadi ya yi ƙarya.

Ya gano, kuma ya bayyana mini da yaren da zan gane. Ya ce in an buɗe faifan, na’ura tana jingina shi ne a bayan wata folda, ta nan ake shiga cikinsa. Foldar kamar ƙofa ce da aka kafa a jikin bango. In faifan na buɗe, ka tura ƙofar sai ka ga ɗaki. In yana kulle, ƙofar tana nan daram, sai dai ba ɗakin a bayanta. Shi kuma abin da ya ce wa Maigadi ya tambaya shi ne, ƙofar tana nan? Ƙofa kuwa kullum tana nan. Shekara da shekaru kuskuren na kwance bai nuna ba, don bai taɓa fashin buɗewa ba ko rana ɗaya.

Abin da ya fi ɓata masa rai, in ji shi, takardun kwana uku na mutane sun zubo a bakin ƙofar nan ba kulle, sakamakon gwajin jinin bayin Allah a fili. Ya yi ta nanata wannan. Kwana ukun da ya yi shi kaɗai ba mai miƙa masa ruwa kuwa, ko sau ɗaya bai ambata ba. Ni ma ban ambata ba. Na dafa masa shayi.

A ranar ya gyara. Ya sa Maigadi ya daina kallon ƙofa, ya riƙa duba jerin da na’ura ke rubuta faifan da ke jingine a wannan lokacin. Bai tsaya nan ba. Ya ajiye wata ’yar takarda a can cikin faifan, wadda ba a ganinta sai faifan na buɗe da gaske, ya ce sai Maigadi ya gan ta da idonsa kafin ya ce komai. Na tambaye shi me ya rubuta a ciki. Ya ce ba komai, suna kawai gare ta. Ya juyo mini da allon na karanta sunan: “ina nan”.

Daga ranar Maigadi bai sake ƙarya ba. Sai dai faifai ya sani, bai san mutum ba. Sau uku a shekara biyu ya aiko mini “Ba a buɗe ba”. Na farko na bar rumfa a buɗe na hau mota biyu, na tarar ya je asibiti layi ya riƙe shi. Na biyu ya fita sayen waya ce ta batir ya tsaya hira. Na uku shi ne Asabar ɗin da ta gabaci wannan Talata, zan zo kansa.

Ranar Talatar, da na iso, Kaka na zaune a ƙofar ɗakinta tana tsince wake. Ta ce ba ta ji motsinsa ba yau, amma ai shi dama ba ya motsi. Na hau matakalar. Na ƙwanƙwasa, na kira Na-Sama sau uku. Na ciro makullin mai jan zare, ina addu’a kada ya ƙi shiga. Ya shige sumul, ya juya.

Yana kwance a gadonsa ta gefen dama, bargo har ƙirji, kamar mai barci. Tabaransa a naɗe a kan kujera. A kan ɗan teburin gefen gado ga kwalbar magani, ga kofin ruwa, ga ɗan makullin ƙofa. Ya zare shi kamar yadda na ce. Shekara uku ashe kullum yana zarewa, don in na zo kada in sha wahala. A nan na zauna a ƙasa kusa da silifansa.

Likitan da ya duba shi ya ce zuciya ce, kuma tun kafin gari ya waye rai ya yi halinsa. Ya ce ko da ƙarfe goma da minti ɗaya na iso, ba abin da zan tarar sai abin da na tarar. Uwar ’ya’yana ta maimaita mini wannan ya fi sau ashirin. Na yarda. Bai kwana biyu ba, bai kwana uku ba, abin da yake tsoro bai same shi ba, kafin la’asar an yi masa sutura. Amma ya kira ni ƙarfe goma, na amsa ƙarfe sha biyu. Wannan tsakanina da shi ne, likita ba shi da magani a kai.

’Yarsa ta iso bayan kwana biyu. Baba na ƙasa take ce mini tun tana zuwa hutu. Ta zauna a kujerarsa ta aiki tana shafa kwalaben kusoshi ɗaya bayan ɗaya. Ta ce duk sati yana gaya mata ina zuwa kullum da yamma muna shan shayi kamar dā, shi ya sa hankalinta yake kwance. Ban iya kallonta ba. Abokin kuka ba a ɓoye masa mutuwa, sai na gaya mata gaskiya: wata nawa ke nan sai saƙo ya razana ni nake zuwa. Sai ta ce to ai ni ne dai na zo.

Duk kwanakin nan baƙar na’urar tana kunne, ba wanda ya san ya kashe ta. Kullum ƙarfe goma wayata sai ta yi ƙara: “Ba a buɗe ba.” Ina zaune cikin masu gaisuwa sai in ciro in karanta in mayar. A cikin akwatin ƙarfe da ke ƙarƙashin gadonsa muka sami ambulan a manne, da sunanta a baya, kalmar sirrin na ciki tare da bayanin yadda za a mayar wa kowane ofis kayansa. Mutum ne mai tsari, Allah ya jiƙansa. Ranar da ta zauna yin aikin ba ta gaya mini ba, na koma rumfa a karon farko. Ƙarfe goma wayar ta yi ƙara. Na duba. “A buɗe yake.”

Na san ba shi ba ne. Da hannuna na taya ɗaukarsa. Amma sai da na kashe injin na juya wa kasuwa baya, na tsaya ina kallon makullan da ke rataye a allo har idona ya daina ganinsu. Maƙwabcina mai gyaran agogo ya leƙo ya tambaya ko lafiya. Na ce ƙurar ƙarfe ce ta shiga mini ido.

Da yamma ta kira ta ce ta gama, za ta kashe na’urar, ko akwai abin da nake so a ciki? Na ce ba ni da komai a ciki. Ta kashe. Yanzu ƙarfe goma tana yi ta wuce shiru, amma hannuna har yau yana kai kansa aljihu. Makullin mai jan zare yana nan a ƙusarsa. Kaka ta sa sabon ɗan haya, an sake makullin ƙofar, wannan ba ya buɗe ko’ina a duniya. Ban cire shi ba.

Asabar ɗin nan da na ce zan zo kanta, saƙon ya shigo ana tsakiyar ciniki. Na rufe rumfa na hau mota biyu, ruwan sama ya jiƙa ni sharkaf. Na haura matakala da gudu na tarar da ƙofa a buɗe, shi kuma yana zaune a ƙasa ya baje cikin wata tsohuwar rediyo da ya ce irin ta mahaifinsa ce, tun safe yake kanta har ya manta da faifai. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce masa ni ba yaro ba ne da zai riƙa sa ni tsere a titi, ya cire lambata daga wannan abu nasa. Bai yi musu ba. Ya miƙo mini tawul, ya ɗora buta a wuta. Sai da ruwan ya fara ƙara ya yi magana, bayansa na gare ni.

“In na cire taka, ta wa zan sa, Na-Ƙasa?”

Na goge kaina da tawul ɗin, na sha shayin ina hura hanci. Da na tashi tafiya ya rako ni bakin matakala, abin da ba ya yi.

Ya ce, “Ka yi haƙuri da yau. Amma in ya ce ba a buɗe ba, ka zo dai.”

Na ce, “In na zo kuma na tarar da kai kana shan shayi fa?”

Ya ce, “Ai kofi biyu ne da ni.”